Kern Pharma ta ci zango uku a Vuelta, shekara ta zagayo aka bar ta a gida: wa ke raba gurbin alfarma?

Aminu Sarƙa: Salamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. A Vuelta ta 2024, babban tseren keke na makonni uku a Sifaniya, ƙungiyar Equipo Kern Pharma ta shiga ne da gayyatar alfarma, ta kuma ci zango uku. Pablo Castrillo ya ɗauki na 12 a Manzaneda da na 15 a Cuitu Negru, Urko Berrade ya ɗauki na 18. Movistar da Ineos sun gama makonni ukun nan ko zango ɗaya ba su ci ba. Da aka fitar da sunayen 2025 sai ga shi babu Kern Pharma. To in cin zango uku bai isa a sake kiran ka ba, me ake dubawa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Malam Aminu, fara da lissafin gurabe, daga nan sauran maganar za ta zo da sauƙi. Tun daga 2018 kowace ƙungiya mahaya 8 take kawowa manyan tseren nan uku, wato Giro ta Italiya da Tour ta Faransa da Vuelta. Kafin nan 9 ne. A 2024, ƙungiyoyi 22 sau 8, mahaya 176 ke nan. A cikin 22 ɗin, 18 na masu lasisin WorldTour ne, wato babban rukuni, su ba a gayyatar su, dole ne a karɓe su, dole ne kuma su zo. Saura 4. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sake yanke biyu daga ciki ta ba ƙungiyoyin ProTeam (rukuni na biyu) guda biyu da suka fi tara maki a kakar da ta gabata. Abin da ya rage a hannun mai shirya tseren biyu ne kacal, su ne guraben alfarma na gaskiya.

Yanzu dubi Sifaniya. Ƙungiyarta ɗaya ce a WorldTour, Movistar, amma tana da ProTeam huɗu: Caja Rural, Burgos BH, Euskaltel-Euskadi da Kern Pharma. Huɗu a kan gurbi biyu. Sai Unipublic, kamfanin da ke shirya Vuelta, ya koma karɓa-karɓa. A 2023 Burgos da Caja Rural, a 2024 Euskaltel da Kern Pharma, a 2025 aka dawo kan Burgos da Caja Rural. Tun kafin Castrillo ya hau Cuitu Negru an san layin wa zai zo a 2025.

Ɗan Maraɗi: Malam Habu, lissafinka daidai ne amma ka tsallake wani abu. A 2025 ai ba 22 ba ne, 23 ne. A ƙarshen watan Maris na shekarar UCI ta amince a ƙara ƙungiya ɗaya a kowane babban tsere, mahaya suka koma 184. Ke nan Vuelta tana da gurbi na uku, wanda babu karɓa-karɓa a kansa. Wa aka ba? Q36.5, ƙungiyar da ke da rajista a Suwizalan. Nan ne Kern Pharma ke da bakin magana.

Malam Habu: Haka ne, kuma dalilin a fili yake: Tom Pidcock. Ya bar Ineos a watan Disamba na 2024 ya koma Q36.5, ga shi da zinariyar Olamfik biyu a tseren keken dutse, ga zangon Alpe d'Huez da ya ci a 2022. Shi kuwa Castrillo, da aka gama kakar sai ya koma Movistar. Mai gayyata yana duba mutanen da za ka kawo masa bana ne, ba waɗanda suka yi maka aiki bara suka tafi ba.

Hajiya Rabi: Kuma in don sakamako ne, babu wanda zai ce Javier Guillén, daraktan Vuelta, ya yi asarar gurbin nan. Pidcock ya gama Vuelta ta 2025 a matsayi na uku, bayan Jonas Vingegaard da João Almeida.

Aminu Sarƙa: Hajiya, ai wannan bayan an yi ne aka sani. A ranar da ake rabon, wa ya tabbatar Pidcock zai jure makonni uku a sahun gaba? Abin da ke hannu a ranar shi ne zango ukun Kern Pharma.

Injiniya Tukur: Malam Aminu, matsalar ita ce kana ɗaukar gurbin alfarma a matsayin lada. Ba lada ba ne. Ladan yana can a guraben da UCI ta ware wa masu maki. Wannan kuwa kayan kamfani ne, kuma kamfanonin 'yan kasuwa ne. ASO ce ke da Tour, ita ce kuma ta mallaki Unipublic. RCS Sport ce ke da Giro. Abin da suke tambaya shi ne wa zai jawo masu kallo, wa zai faranta wa garuruwan da suka biya kuɗi don tseren ya ratsa ta cikinsu, wa kuma ba zai jawo abin kunya ba.

Ka bi tarihin za ka ga yadda abin yake tafiya. Giro ta 2018 ta tashi daga Birnin Kudus, aka ba Israel Cycling Academy gurbi. A Giro ta 2017 aka bar Androni da Nippo, 'yan gida, aka ɗauko CCC ta Polan da Gazprom-RusVelo ta Rasha, Italiya ta yi ta surutu. Tudor ta samu Giro a 2024 da 2025, kuma kamfanin agogon Tudor shi ne mai riƙe da lokaci a Giro ɗin. Ban ce ba su cancanta ba, ƙungiyar, wadda ta Fabian Cancellara ce, tana da ƙarfi. Ina cewa dai wanda ya ɗauka waɗannan abubuwa ba sa shiga cikin shawarar, bai san harkar ba.

Bala Birki: So duka so ne, amma son kai ya fi. Kowane mai shiri 'yan ƙasarsa yake fara dubawa. Ga Italiya abin ya ma fi tsanani, domin tun da Lampre ta rikiɗe ta zama UAE a 2017 ba su sake samun ƙungiya a WorldTour ba. In mai shirya Giro bai kira Bardiani da Polti ba, za a yi Giro babu ƙungiyar Italiya ko ɗaya a ciki. Su kuma waɗannan ƙungiyoyi, masu ɗaukar nauyinsu don makonni ukun Mayu suke zuba kuɗi. Ka hana su Giro sau ɗaya ko biyu, kwantiragin ya mutu.

Misali a fili shi ne Aqua Blue Sport ta Ayalan. Ta shiga Vuelta ta 2017, a 2018 ba ta samu ko ɗaya cikin manyan ukun ba, kafin ƙarshen watan Agustan shekarar ta sanar da rufewa.

Ɗan Maraɗi: Wani abin da mutane ba sa lura da shi: gurbin da aka samu ta hanyar maki ba dole ne a karɓa ba. Ƙungiya tana da damar ta ce ba ta zuwa, in ta ƙi sai gurbin ya koma hannun mai shiri. Abin da ya riƙa ceton Giro ke nan. A 2023 Lotto Dstny da TotalEnergies duka suka ƙi, RCS ta samu huɗu ta raba wa Eolo-Kometa, Bardiani, Corratec da Israel-Premier Tech. A 2024 da 2025 Lotto ta sake ƙi. Tour kuwa ba a ƙin ta, shi ya sa gurabenta suka fi tsada.

Ƙanin Bala: Yaya, ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Ta yaya ƙungiya za a ba ta Giro kyauta ta ce ba ta so?

Injiniya Tukur: Tambaya ce mai kyau, ƙanina, amsarta kuma tana cikin jadawalin maki. Tun daga 2023 ana tara makin mahaya 20 mafi ƙwazo na kowace ƙungiya, a da 10 ne. A jadawalin 2023 zuwa 2025, wanda ya lashe Tour gaba ɗaya yana samun 1300, Giro ko Vuelta 1100. Zango ɗaya a Tour 210 ne, a Giro ko Vuelta 180. To amma tseren yini ɗaya mai matakin 1.Pro yana ba da 200 ga wanda ya ci, mai matakin 1.1 kuma 125, sannan maki yana gangarowa har ƙasa sosai, ta yadda ƙungiya za ta iya sa mutum uku cikin goman farko duk su kwasa.

Ɗauki zango ukun Kern Pharma: 180 sau uku, 540. Wannan shi ne abin mamakin da ba a saba gani ba daga ƙaramar ƙungiya. Amma wanda ya ci tseren 1.Pro uku ya tara 600, a kwana uku, ba tare da ya yi karo da Roglič, zakaran Vuelta ta 2024, a kan dutse ba. Ita Lotto a lokacin burinta ta koma WorldTour, kuma ana yanke wannan hukunci ne da makin shekara uku, 2023 zuwa 2025. Watan Mayu cike yake da irin waɗannan ƙananan tsere a Beljiyam da Faransa. In ta tura mutum takwas Italiya, sun tafi ke nan na kusan wata guda, su dawo a gajiye, ga Tour na jiran su a Yuli. Ƙungiyar da ba ta da zurfin mahaya ba za ta iya cin kasuwa biyu a lokaci ɗaya ba.

Hajiya Rabi: A ƙara da kuɗin hanya. Mai shiri yana biyan otal da abinci na adadin mutanen da aka ƙayyade, amma bas, motar makanikai, motocin bin tsere, masu tausa, likita, mai dafa abinci, duk ƙungiya ce ke jan su na tsawon kwanakin. Kuɗin kyauta kuma ba ya rufe komai. A Tour ma, zango Yuro 11,000 ne, kuma al'ada ita ce a raba shi tsakanin mahaya da ma'aikata. Ribar gurbin alfarma tana kan allon talabijin ne, ba a aljihu ba.

Malam Habu: Shi ya sa za ka ga a ranakun shimfiɗaɗɗiyar hanya, da an saki tuta sai mutum biyu ko uku daga ƙungiyoyin alfarma su ɓalle su yi gaba. Kowa ya san za a kamo su saura kilomita goma ko ashirin. Su ma sun sani. Amma awa uku ko huɗu ke nan rigar mai ɗaukar nauyinsu tana kan allo, shi kuma mai shiri ya samu abin nunawa maimakon ayari yana tafiya a dunƙule babu labari. Alkawari ne da ba a rubuta ba. Ƙungiyar da aka gayyata ta zo ta ɓuya a tsakiyar ayari, ta sa a ranta za a tuna mata a shekara mai zuwa.

Bala Birki: Uno-X ta Norway ta nuna yadda ake wannan aikin har ya zama tsani. Tour ta kira ta a 2023, ta sake a 2024, Jonas Abrahamsen ya yi kwanaki yana sanye da riga mai ɗigo-ɗigo ta sarkin hawa, kusan kullum yana gaba. A 2025 ya ci zango na 11 a Toulouse, Tobias Johannessen kuma ya gama na shida. Ƙarshen kakar suka haye WorldTour. TotalEnergies ma ba ta ba Christian Prudhomme, daraktan Tour, kunya ba: Anthony Turgis ya ci zangon tsakuwa na Troyes a 2024, Jordan Jegat ya gama na goma a 2025.

Aminu Sarƙa: To Malam Bala, duk misalanka na waɗanda suka biya bashin gayyata ne aka sake kiran su. Kern Pharma ta biya fiye da kowa ba a kira ta ba. Har yanzu ina nan a kan bakata.

Injiniya Tukur: Bambancin shi ne Uno-X ba ta da kishiyoyi uku a gida ɗaya.

Bari in taɓo ɓangaren da ya fi ba masu shiri tsoro, wato ƙwayoyin ƙara kuzari, domin a nan ne gayyata ke juyewa ta ciji mai ita. A Giro ta 2013 Vini Fantini ta shiga da alfarma, aka kama Danilo Di Luca da Mauro Santambrogio da EPO. A 2017, ana gobe za a fara Giro ta ɗari, aka sanar da sakamakon gwajin mahayan Bardiani biyu, Stefano Pirazzi da Nicola Ruffoni, ƙungiyar ta fara tseren da mutum bakwai. A 2021 Vini Zabù ta janye bayan an kama Matteo De Bonis, aka ba Androni gurbinta. Mafi girma shi ne na Geox. Tour ta ƙi su a 2011 duk da suna da Carlos Sastre da Denis Menchov, Vuelta ta karɓe su, Juan José Cobo ya lashe ta, sai a 2019 aka ƙwace aka ba Chris Froome saboda abin da aka gani a bayanan jininsa. In ƙungiyar WorldTour ta yi haka mai shiri zai ce doka ce ta kawo ta. In ta alfarma ce, shi ya zaɓo ta da hannunsa.

Ɗan Maraɗi: A da ma ikon nasu ya fi haka nesa ba kusa ba. A 2008 ASO ta hana Astana shiga Tour saboda kama mahayinta Vinokourov da ƙarin jini a 2007, alhali Alberto Contador, mai riƙe da kambun, yana ƙungiyar. Ya tafi ya ci Giro da Vuelta a shekarar. A 2007 kuma Unibet.com tana da lasisin babban rukuni amma aka rufe mata ƙofa da hujjar dokar Faransa kan tallan caca. Yau mai shiri ba shi da wannan damar.

An ga ɗaya fuskar abin a Vuelta ta 2025. Israel-Premier Tech ta shiga ne da haƙƙin maki, ba da alfarma ba. Da zanga-zangar goyon bayan Falasɗinu ta yi ƙarfi, aka tsayar da zango na 11 a Bilbao babu wanda aka ce ya ci, zangon ƙarshe na Madrid ma bai kammala ba. Masu shirin ba su da hurumin cire ƙungiyar ko da sun so. Dokar da ta kare ƙananan ƙungiyoyi daga son ran mai shiri, ita ce ta ɗaure masa hannu a nan.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya fi damuna shi ne sabon shingen matsayi. UCI ta ce ba a ba ƙungiya gurbin alfarma a manyan ukun sai tana cikin 50 na farko a jerin duniya na kakar da ta wuce. Wannan na 2024 ne. A 2025 aka matse zuwa 40, daga 2026 kuma 30. Ku cire 18 na WorldTour, kusan gurbi 12 ya rage wa kowa da kowa.

Ku tuna MTN-Qhubeka, wannan MTN ɗin dai da muka sani. Da alfarma ta shiga Vuelta ta 2014, da alfarma ta shiga Tour ta 2015, ƙungiya ta farko mai rajistar Afirka da ta yi hakan. Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa riga mai ɗigo-ɗigo, Steve Cummings ya ci zango na 14 a Mende ranar 18 ga Yuli, ranar tunawa da Mandela. Kafin su, Barloworld a 2007 ta ba Robbie Hunter na Afirka ta Kudu zango a Montpellier, Mauricio Soler kuma ya tafi da rigar sarkin hawa. Irin wannan ƙofa ce shingen ke ƙuntatawa. Ƙungiyar da ke tsere a nahiyarmu daga ina za ta tara maki? Tour du Rwanda mai matakin 2.1 tana ba da 125 ga zakara. Irin su Tour du Faso da Tour du Cameroun, masu matakin 2.2, 40 ne. Dole sai ka kwashe komai ka koma Turai.

Malam Habu: Hajiya, ina tare da ke rabi. Shingen yana da dalili. An sha ganin ƙungiyar da aka kira don ta gida ce kawai, mako na biyu na kamawa rabin mutanenta suna fama da iyakar lokaci. Ga yadda take: kowane zango ana ɗaukar lokacin wanda ya ci, a ƙara wani kaso cikin ɗari gwargwadon wahalar zangon da saurin da aka yi, duk wanda ya iso bayan wannan an sallame shi. Mahayin da ƙarfinsa bai kai ba yana cin gurbin da wani zai yi amfani da shi, kuma a cikin gajiya ne ake yawan faɗuwa.

Inda na yarda da ke shi ne shingen ya canja yadda ƙananan ƙungiyoyi ke tsara kakarsu. Watan Satumba da Oktoba sai ka ga 'yan Italiya da Sifaniya sun bazama Langkawi da tseren ƙasar Sin suna farautar maki, domin tazarar da ke tsakanin na 30 da na 31 ita ce tazarar da ke tsakanin samun Giro da rasa mai ɗaukar nauyi. (Doug Ryder da ya kafa Qhubeka shi ne dai ke jan Q36.5 yanzu, ko da yake rajistar ba ta Afirka ba ce.)

Ƙanin Bala: To me zai hana a mayar da ƙungiyoyin 25 kowa ya huta?

Bala Birki: Hanya ce ba za ta ɗauka ba. An rage daga 9 zuwa 8 a 2018 ne da hujjar rage cunkoso da haɗari. Kowace ƙungiya da aka ƙara, mahaya 8 ne, da motoci biyu a cikin jerin da ke bin ayari, da bas da babbar mota da ke neman wurin tsayawa a ƙaramin gari ko a kan dutse, da ɗakunan otal. Kuma duk daraktan ƙungiya umarni ɗaya yake bayarwa ta rediyo kafin hanya ta tsuke: ku matsa gaba. Gaban kuwa ba ya ɗaukar mutum 184.

Akwai kuma tsarin jerin motoci. Ana jera su ne bisa matsayin mahayin ƙungiya mafi gaba a jadawalin gaba ɗaya. Ƙungiyar alfarma da ba ta da kowa a sama, motarta tana iya zama ta 22 ko 23. In tayar mahayinta ta fashe a ƙunƙuntar hanya, kafin makaniki ya iso ayari ya yi nisa, sai dai ya karɓi taya daga motar agajin kowa da kowa ko ya karɓi keken abokinsa. Ƙara ƙungiyoyi yana ƙara tsawon wannan layin ne, kuma ƙananan ne a wutsiyarsa.

Injiniya Tukur: Wani lahanin 2025 shi ne jinkiri. Saboda jiran hukuncin ƙungiya ta 23, ba a sanar da gayyata ba sai ƙarshen Maris, Giro kuma ta tashi daga Albaniya ranar 9 ga Mayu. Ƙasa da mako shida. Mahayin da ke shirin babban tsere yana bukatar mako biyu zuwa uku a sansanin tudu, irin Teide ko Sierra Nevada, ya sauko ya ɗan huta, wani lokaci ya gwada ƙafa a gajeren tsere. Otal-otal ɗin can kaɗan ne, manyan ƙungiyoyi sun kama su tun watanni. Ƙungiyar da ba ta san makomarta ba, ko dai ta kashe kuɗin sansani a kan tsammani, ko ta ci gaba da tseren bazara ta shiga Giro babu shiri.

Aminu Sarƙa: To 2026 fa? An bar 23 ɗin, ke nan gurbi uku ya tabbata a hannun masu shiri?

Ɗan Maraɗi: A'a, Malam Aminu. An bar 23 amma an ƙara masu shiga da haƙƙin maki daga biyu zuwa uku, wato Tudor, Q36.5 da Cofidis, wadda ta faɗo daga WorldTour. 23 a cire 18 a cire 3, an koma biyu. A Vuelta ƙungiyoyin Sifaniya huɗu suna nan a kan gurbi biyu, sai dai wadda shingen 30 ya riga ya fitar. A Giro kuma Bardiani da Polti su kaɗai sun cinye biyun, don haka duk wata ƙungiyar waje da ke son zuwa Italiya sai ta jira ta ga ko ɗaya daga cikin ukun nan za ta ce ba ta zuwa, kamar yadda Lotto ta saba yi.